Layi Ɗaya da Ɗigo Uku

Zuwa ga jikata Manli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci a kan kari. Ni ƙalau nake, sai gwiwa, ita kuwa mun saba.

Ina ɗan shekara tara na fara jin wata magana game da gidanmu, ban kuma yarda da ita ba. Wai kakana, Geng na Uku, in yana noma ya tono ƙasusuwan nan da kwanson kunkuru, sai ya zauna da guntun lauje ya kankare zanen da ke jikinsu tas, ya kai wa mai magani da sunan ƙashin dodo, don mai maganin ba ya sayen mai zane. A daka, a barbaɗa wa ciwo. Wanda ya gaya mini kuwa tsoho Pang ne, maƙwabcinmu, a ranar da akuyarmu ta cinye masa kabeji. Mutumin da aka ci wa kabeji, ai ba a ɗaukar shaidarsa.

Kin ce 'yan firamaren da ake kawo miki gidan tarihi hamma kawai suke yi, kuma nan da mako uku shugabarku za ta zauna ta ga darasinki, ta yanke ko a riƙe ki ko a sallame ki. Kin nemi labarin gida a kan ƙasusuwan, tunda daga ƙasarmu suka fito. To iyakar abin da nake da shi ke nan, kuma ba na yara ba ne. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da rubutu a ƙauyen nan. Ba za a ce malam Geng jikan mai goge rubutu ba ne.

Ki gaya musu sarakunan daular Shang, masu ƙasusuwan nan, sun yi shekara dubu uku da ɗoriya da shuɗewa. Su haddace. Mu haka muka yi.

Ki riƙa sa rigar sanyi.

Kakanki,
Geng Fulai

*

Yeye, kakana na kaina,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa, ina gaida akuyar da ta jawo mana tonon silili.

Na gwada shawararka. Na tsaya gaban gilashi na ce, “Yara, shekara dubu uku!” Wani ya ɗaga hannu. Na ji daɗi. Ya ce, “Malama, ina bayan gida?” Na yi musu bayanin yadda boka ke ɗora wa ƙashi sanda mai wuta har ya tsage, sarki ya duba tsagar ya karanta amsa, sannan a sassaƙa tambayar a jiki. Wata ta ce, “Sai da sarkin ya cinye kunkurun, ko kuwa?” Ita ce tambaya mafi kyau da na samu a wata biyu.

Yanzu ka gyara zama. A ɗakin ajiyarmu akwai wani aljihun tebur da ba a buɗe wa baƙi. Cike yake da ƙasusuwan da aka kankare, sumul kamar kanka. Na ɗaga ɗaya a haske, ga sawun ƙarfe nan a jere, hannun wani manomi mai haƙuri. Ban ce na kakanka ne ba. Amma da na riƙe shi tsigar jikina ta tashi, abin da bai taɓa faruwa da ni ba gaban na cikin gilashi.

Yaran nan ba su san sarki ba, Yeye, amma kowannensu yana da kaka. Ina so in sa musu wannan ƙashi a hannu in ce, “Kakan kakana ya yi irin wannan.” Sunanka ne, kai ne babba, ba zan faɗa ba sai ka yarda. In ka ƙi, zan koma kan shekara dubu uku, in kuma fara ɗaure kayana.

Kada ka ce in kira waya. Ba ka ji, sai dai ka yi ta ihu.

Jikarka mai taurin kai,
Manli

*

Manli,

Na gaishe ki. Kan nawa da kika taɓa, ubanki ma ya kama hanyar sanƙo, ki tambaye shi.

Takardarki ta hana ni sukuni, sai na ɗauki sanda na tsallaka kogi wurin yayata Fuzhen. Shekararta tamanin da takwas, haƙori biyu, baki kuwa yana nan yadda kika san shi. Na same ta tana ɓare tafarnuwa. Na ce, “Yaya, ƙaryar nan ta tsoho Pang...”

Ta ce, “Wace ƙarya? Gaskiya ce. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, sarkin karatu.”

Na ce, “Shekara saba'in ba wanda ya gaya mini?”

Ta ce, “Wa zai gaya maka? Kana yawo da alli a aljihu kamar kai ka ƙirƙiro rubutu.”

Ga abin da ta ce. Sai da kakanmu ya manyanta masana suka zo da shebur da buroshi, suka ce zanen nan rubutu ne, mafi tsufa a ƙasar nan. Nan ya gane abin da ya yi. Shi da ko sunansa bai iya rubutawa ba, ashe kwando-kwando ya goge. A cikin duk abin da ya kankare, zane ɗaya ne ya zauna masa a kai, don shi ya fi yawan gani. Da sabuwar shekara ta zo, aka turara mantou, burodin nan namu na tururi, sai ya karɓi tsinken cin abinci daga hannun matarsa, ya tsoma a jan launi, ya zana shi a kan kowane burodi. Ya ce wannan ɗaya dai ba zai ɓata a hannunsa ba.

Manli, alamar gidanmu ce. Layi ɗaya a kwance, ɗigo uku a ƙasa. Kowa a ƙauye ɗigo ɗaya yake sa wa nasa, mu muke yin wannan. Ni duk zatona don kada namu ya cakuɗe da na maƙwabta ne. Na ci ta sau saba'in da tara ban taɓa tambaya ba.

Ga ta na zana miki a ƙasa. Ni rubutun zamani na koyar, ba wannan ba. In tana da ma'ana, ki gaya mini. Batun izini, ina tunani.

Kakanki

*

Yeye!

Gaisuwa a gurguje.

Ruwan sama ne! Layin sama ce, ɗigon ruwa ne. Haka suke rubuta shi, ko kusa da haka. Ba mamaki shi ya fi gani: sarakunan nan ba su gajiya da tambayar ko za a yi ruwa, ko gero zai yi kyau. Abin da ke hana kakanka barci shi ke hana sarki barci. Bai iya karantawa ba, amma ya riƙe tambayar tasa.

Na zauna a ɗakin ajiya na yi kuka. Mai gadi ya leƙo ya ce, “'Yar nan, an kore ki ne tun yanzu?” Na ce tukuna.

Ranar Alhamis ne, ƙarfe goma, aji uku, yara talatin da shida. Ina so kowane yaro ya samu mantou fari da tsinke da jan launi. Su taɓa ƙashin da aka goge, su nemo ruwan sama a cikin gilashi da idonsu, su zana shi, su cinye. Na shagon nan ba su da daɗi, na Kaka Fuzhen nake so. In kwando ya iso, na san ka yarda. In bai iso ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba, sai dai in ɗan yi fushi.

Ka zo mana, Yeye.

Taka,
Manli

*

Malama Geng Manli,

Barka da samun zama. Ubanki ya yi mini ihun labarin a waya, na ji rabi.

Kin rubuto kina ƙorafin na aiko kwando ban zo ba. To wa kike tsammani ya miƙa wa mai gadi? Na zo, ƙafa ce ta ƙi shiga. Na zauna a bencin da ke bakin ƙofa har kuka tashi.

Yaran suka fito baki duk ja. Wata 'yar mitsitsiya mai giɓi ta tsaya ɗaure takalmi kusa da ni, ta dube ni ta ce, “Kaka, ka san wani mutum ya goge rubutun sarki da lauje?”

Na ce, “Kai! Mugu ne ke nan.”

Ta ce, “Ba mugu ba ne, bai sani ba ne. Kuma ya ajiye ruwan sama.” Ta kama hannuna ta zana mini a tafi da yatsa, layi ɗaya, ɗigo uku. Ta ce, “Kada ka manta.” Na ce zan yi ƙoƙari.

Sau uku ke nan ana gaya mini maganar nan. Tsoho Pang ya faɗa don ya ƙona mini rai, yayata ta faɗa don ta sauke mini girman kai. Ta ƙarshe na tambaye ta sunanta kafin malaminsu ya kira su layi. Tian Guoguo, 'yar aji uku.

Kakanki,
Geng Fulai, jikan Geng na Uku