Kada Ku Ƙara Ba Munzali Kafso

Dutsen Kura, Minna
Maris, 1988

Zuwa ga Yaya Jummai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna. Ni ma lafiya lau, sai dai takaba ta tsare ni, gidan kuma ya yi mini girma.

Direban da ya zo daga wajenku Gusau ya ce ɗana Munzali yana gudawa, kun saya masa kafso ja da rawaya wajen mai talla. Yaya, don Allah ku daina ba shi.

Kin san marigayi babansa likitan dabbobi ne. Shekara da shekaru yana bin mahauta da masu kaji, yana ɗibar nama yana aunawa. Yakan dawo ya ce, "Sakina, mutane suna fasa kafson nan a ruwan kaji, har ƙwayoyin cuta sun saba da shi. Wata rana za mu sha magani ya ƙi ci." Da zazzaɓin nan ya kwantar da shi, likitoci suka yi ta canza magani, babu wanda ya ci.

Har yau in na ɗora nama a wuta, sai in ji kamar yana bayana, yana cewa in bari ya nuna sosai. Ba na waiwayawa.

Ku kai yaron asibiti a auna shi tukuna. Ba ni da ikon fitowa, kuma shi kaɗai babansa ya bar mini.

Allah Ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki,
Sakinatu