Ƙorafi Kan Shekarun Tulunan Ƙafar Ruwa ta Tomar

Zuwa ga:
Dakta Ermelinda Valadas,
Shugabar Ƙungiyar 'Yan Jagorar Baƙi ta Kwarin Nabão,
Tomar.

Daga:
Filipa Godinho Serôdio,
Barreiro.

Litinin, 26 ga Mayu, 2025

Game da: Bayanin da wani ɗan jagora ya yi a bakin ƙafar ruwa ranar 17 ga wannan wata, da abin da ya jawo wa kakana

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Ɗan jagoran da nake ƙorafi a kansa yana sanye da farar alkyabba mai jan gicciye, da sulke, da takobin katako, a ƙasa kuma takalman gudu masu ruwan lemu. Na ambaci takalman ne don a gane shi, tun da 'yan jagorar kamfanin Capa Branca duk shigarsu ɗaya. Sunan da ke ƙirjinsa Norberto.

Ina roƙon a yi haƙuri da tsawon takardar. Na fi iya rubutu a kan magana, kuma za a ga shaidar haka a ƙasa.

1. Ranar Asabar 17 ga Mayu mun zo Tomar mu uku: ni, da mahaifiyata Odete, da kakana Anselmo Serôdio, mahaifin babana marigayi. Ranar ce ya cika shekara tamanin da huɗu, shi kuma ya zaɓi garin. A Asseiceira aka haife shi, ya yi ginin tukwane har shekarar 1969, sannan ya koma Barreiro aikin jirgin ƙasa. Mahaifiyata ta same shi ne yana ma'aikacin jirgi, kuma shi ba mai ba da labarin da ba a tambaye shi ba ne.

2. Da ƙarfe goma muka shiga ayarin Norberto, mu ashirin da biyu. A kan tudu, cikin ganuwar mayaƙan Haikali, wato jaruman Kirista na zamanin da waɗanda yake kwaikwayon shigarsu, ya ce akwai ramin da ya bi ta ƙarƙashin kogi, cike da zinariya. Ban yarda ba, amma ba wannan ya kawo ni ba. Ramin bai cuci kowa ba.

3. Da sha biyu saura kwata muka sauko bakin kogi, inda babbar ƙafar ruwa ta katako, mai siffar ƙafar keke, take juyawa da tulunan yumɓu a jikinta, suna ɗebo ruwa. Wata baƙuwa ta tambayi dalilin da ya sa kowane tulu yake yoyo ta gindi. Norberto ya ɗaga takobinsa ya ce tulunan nan su ne na zamanin mayaƙan, shekararsu ɗari takwas, hujojin kuma wurin kibiyoyin abokan gaba ne. Bai bayyana yadda aka yi kowace kibiya ta sami tsakiyar gindin tulu ba.

4. A nan kakana ya yi magana, abin da bai yi ba tun da muka sauka daga jirgi. Na rubuta kalmominsa yadda suka fito: "Ba kibiya ba ce, yaro. Ƙaramin yatsana ne. In babu huji, iska ba ta fita, tulun ba ya nitsewa, sai ya dawo sama wayam kamar kanka."

Na amince cewa ƙarshen maganar bai kamata ba.

5. Norberto ya dafa kafaɗarsa, ya juyo da shi wajen jama'a, ya ce: "Jama'a, yau mun yi sa'a! Ga ɗaya daga cikin mayaƙan da kansa. Baba tsoho, shekara ɗari takwas amma ko tari babu! Ina ka ɗaure dokin?" Sannan ya maimaita da harsuna biyu don kowa ya samu. Aka yi dariya sau uku, kowane harshe da tasa. Wani ya nemi ɗaukar hoto da kakana, aka ɗora masa kwalkwali a ka. Bai cire ba. Da muka zauna cin abinci, kifinsa ya huce a gabansa, kayan zaƙin da ake yi da ƙwai ma, wanda ya yi ta zancensa tun a jirgi, ni na cinye.

6. Wajibi ne in faɗi nawa laifin. Na yi digiri a fannin tarihi, kuma rubutuna na kammalawa a kan hanyoyin ban ruwa ne na wannan yanki. Na san tulun da ke aiki a ruwa ba ya shekara ɗari takwas, na san amfanin hujin. Ina tsaye taku biyu daga Norberto, na shirya jimlar a raina har sau huɗu. Kafin ta fito, ayarin ya wuce gada. Ba na neman a ɗora wa ƙungiyarku wannan.

7. Yanzu ga dalilin takardar. Shekara shida ke nan mahaifiyata tana kula da kakana ita kaɗai, bayan aikinta a kicin ɗin makarantar firamare. A bana ya bar murhu a kunne sau biyu, sau ɗaya kuma ya kira ni da sunan kakata da ta rasu. Ranar Laraba 11 ga Yuni likita zai duba ƙwaƙwalwarsa, kuma abin da ya rubuta shi zai yanke ko kakana zai ci gaba da zama a ɗakinsa, ko za a kai shi gidan kula da tsofaffi. An ba mu fom da iyali za su cike. Akwai layin da ke tambaya ko yana faɗin abubuwan da ba su faru ba. Kafin zuwanmu Tomar layin babu komai. Yanzu mahaifiyata ta rubuta a kai: "Ya ce shi ya gina tulunan mayaƙan Haikali." Fom ɗin yana manne a ƙofar firji.

Na yi wa mahaifiyata bayani. Amsarta ita ce: "Filipa, mutumin nan aikinsa ke nan, yana da kati a wuya. Ke kuma ai kina wurin, me ya hana ki magana?" Maganar katin ce ta sa na rubuto miki, domin katin da ke wuyansa sunan ƙungiyarku ne a kai.

Kada a ɗauka mahaifiyata muguwa ce. Ta gaji ne, kuma mutum mai takobi ya faɗi magana a gaban mutum ashirin da biyu, babu wanda ya musa.

8. Ranar Asabar 24 ga Mayu na dawo Tomar ni kaɗai. Kafin in taho na tambayi kakana ko yana da alama. Ya ce shatin farce uku a jere a ƙarƙashin wuyan tulu, inda igiya take zama, don kada a ɗora masa laifin tulunan wani in sun fashe. Na tsaya a bakin ƙafar ruwan minti hamsin ina kallo tana juyawa. Na ga alamar a tuluna uku. Ƙila akwai na huɗu, amma gansakuka ta rufe wurin. Na ɗauki hotuna goma sha ɗaya, duk ruwa ne ya fito a ciki.

Norberto ya zo da wani ayari ina tsaye. Ya sake faɗin kibiyoyin. A wannan karon shekarun sun zama ɗari tara. Na buɗe baki, ya tambaye ni ko ina son hoto, na ce a'a, na gode.

Saboda haka, cikin ladabi, nake roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, a nemi masu gyaran ƙafar ruwan su duba wuyan tulunan, su ƙirga masu farce uku. Su suna iya tsayar da ita, ni ba na iyawa.

Na biyu, a ba ni takarda mai hatimin ƙungiyarku, ko layi biyu ne, da ke cewa tulunan ba na zamanin mayaƙan ba ne, magina ne na wannan yanki suke yin su ana sauyawa, kuma hujin da gangan ake yin sa. In an sami sunan kakana a tsofaffin takardu, alhamdu lillahi. In ba a samu ba, layi biyun sun isa su nuna cewa abin da ya faɗa abu ne mai yiwuwa. Likita ba zai je bakin kogi ba, takarda zai karanta. Ina roƙon ta iso kafin Juma'a 6 ga Yuni, domin ranar 10 hutu ce, gidan waya ba ya aiki.

Na uku, ba na neman a kori Norberto. Yana da murya, yara kuma suna son takobin. A bar masa ramin zinariya. A karɓe kibiyoyin kawai. In kuma wani tsoho ya sake yi masa gyara, ya tambaye shi sunansa kafin ya ɗora masa kwalkwali.

Ban ce kakana ba ya mantuwa ba. Murhun gaskiya ne, sunan kakata ma gaskiya ne, kuma ƙila likita ya yanke abin da nake tsoro ko da takardarki. In za a raba shi da ɗakinsa, a raba shi saboda abin da ya manta. Kada a raba shi saboda abu ɗaya da ya tuna daidai.

Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ina kuma jiran amsarki da dukan ladabi.

Taki mai biyayya,
Filipa Godinho Serôdio

Ƙari: Kafin in rufe ambulan, na karanta wa kakana takardar a teburin kicin, mahaifiyata tana wanke kwanuka ta ba mu baya. Ya ce in gyara abu ɗaya: a sakin layi na huɗu ba "kamar kanka" ya ce ba, abin da ya ce ya fi haka muni. Na bar shi yadda yake. Sannan ya tashi ya je baranda, ya ɗauko tulun da mahaifiyata take shuka ɗoɗɗoya a ciki tun kafin a haife ni, wanda kullum take yabonsa don ba ya riƙe ruwa. Ya ajiye shi kusa da ita, ya koma kujerarsa. Ta goge hannunta, ta juya tulun, ta sa yatsa a ƙarƙashin wuyansa. Shatin farce uku yana nan a jere. Daga nan ta cire fom ɗin daga ƙofar firji, ta ninka shi biyu, ta sa a jaka, ta ɗauki makullinta ta fita, famfo ma ba ta rufe ba. Ban san inda ta kai shi ba, don haka roƙona yana nan yadda yake.