Na Ce Na Ga Mutum a Kan Katakan Magina

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan kira ma duk na canza su. Na san akwai waɗanda tun kafin su kai ƙarshe za su fara zagi, to ku daure ku gama karantawa tukuna, don duk abin da za ku kira ni na riga na kira kaina da shi.

Muna haya ne a wani gidan bene a Gusau, mu a sama, wasu mutane a ƙasa. Mijina malamin makaranta ne a Tsafe, sai ƙarshen mako yake zuwa, idan hanya ba daɗi ma ya kan tsallake makon. Ni kaɗai ce da 'yata Ummi wadda ko makaranta ba ta shiga ba. Gab da damina bangon ɗakin kwananmu ya tsage, sai mai benen, wani Alhaji da ke zaune a Bunguɗu, ya turo magina. Suka kafa sandunan gora daga ƙasa har saman tagarmu, suka ɗaɗɗaure da igiya, suka gicciya katakai suna tsayawa a kai. Suka yi yaɓensu suka gama, suka wanke cebur suka tafi, suka bar mana katakan a tsaye wai sai an dawo fenti.

Damina ta shiga ta fita, fenti shiru. Kun san me ake nufi mace ta kwana ita kaɗai alhali an kafa wa duk ɓarawon garin tsani har bakin tagarta? Taga ba na buɗewa, labule ba na ɗagawa, duk zafin nan haka muke dahuwa a ciki. Igiyoyin suka fara ruɓewa, katako ɗaya ya taɓa rikitowa dab da inda ake ɗiban ruwa. Wata rana ina wanke-wanke na waiga na ga Ummi ta zura ƙafa ta tsakanin ƙarafan baranda tana neman taka katako, na yi wuf na fizgo ta. Na kira mai bene har na gaji, in ya ɗauka ya ce, “Hajiya ki yi haƙuri, maginin na ya tahi ƙauye,” daga baya ma ya daina ɗauka. Mijina kuwa amsarsa ɗaya ce: “Ki dai riƙa kulle taga.” Na ce masa 'yarka ta kusa faɗowa, ya ce to ki riƙa lura da ita mana. Wato ni ce ma mai laifi.

Mutum ɗaya ne ya taɓa damuwa da halin da nake ciki, Malam Sahabi da ke haya a ƙasanmu. Shi da matarsa Luba da tsohuwarsa sun baro ƙauyensu ne can gefen Maɗa saboda halin da kuka sani, yana awon hatsi a kasuwa, Luba kuma tana kitso. Tsakiyar damina indararon da ke saman tagarmu ya karkace, ruwa yana zubowa kan gadona. Na yi wa Luba kuka, ta gaya wa mijinta, ya ajiye abin da yake yi ya hau katakan nan ya gyara. Kafin ya hau sai da ya yi ta ɗaga murya yana cewa, “Za a hau bisa! Mata a kauce!” kamar yadda aka saba, don daga kan katakan ana hango tsakar gidan maƙwabcinmu Alhaji Garba tar, har inda iyalinsa suke girki da wanki. Da ya sauko ko ruwan sha bai yarda ya karɓa ba.

To a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Na tuna lokacin da magina suke aiki, Alhaji Garba da kansa yake tsayuwa kullum da safe ya tabbatar sun yi wannan kiran kafin su hau. Sai na ce a raina, ashe akwai abin da ke motsa mazan unguwar nan. Ran 'yata bai motsa kowa ba, tsorona bai motsa kowa ba, amma a ce an ga kan matar Alhaji ba ɗankwali, ai garin ma sai ya tashi. Rannan na shiga gidansa sayen ƙanƙara wajen matarsa Hajiya Kulu, na sassauta murya na ce mata jiya da la'asar na ɗan ɗaga labule na ga mutum tsugune a kan katako yana leƙen tsakar gidansu. Ta dafe ƙirji ta ce, “Wa ne ne?” Na ce ban ga fuskarsa ba, baya ya ba ni. Wallahi Anti ban ga kowa ba, ko kaza ban gani ba. Ni dai so nake a sauke katakan.

Washegari mai benen da ya daina ɗaukar wayata sai ga shi ya taso tun daga Bunguɗu, har da babbar riga. Aka zauna a zauren Alhaji Garba, da mai unguwa da liman. Ina sama ina jin daɗi, ina cewa yau dai za a kwance su. Ashe su ba katako ne a gabansu ba, mutum suke nema. Mai shagon da ke kallon gidanmu ya ce shi dai mutum ɗaya ya taɓa gani a sama bayan magina, Sahabi. Aka kira shi, ya ce haka ne ya hau, Maman Ummi ce ta sa shi gyaran indararo, kuma ya yi kira kafin ya hau. Aka aiko a tambaye ni, na ce ƙwarai ni na sa shi, na ɗauka wannan zai wanke shi. Sai Alhaji Garba ya ce, “To ai rannan na yag ga hanya.” Shi ke nan, gaskiyar da na faɗa ita ta ƙara ɗaure shi.

Da mijina ya dawo aka sake zama, aka ce in zo bayan ƙofar zaure in maimaita abin da na gani. Liman ya ce, “Ɗiyata, ki ji tsoron Allah, kin ga mutum ko ba ki gani ba?” A nan ya kamata in tsaya, na sani. Amma mijina yana zaune a cikinsu ya riga ya ce matarsa ba ta ƙarya, Hajiya Kulu tana tsaye a bayana tana huci. In ce me? In ce na tara dattawan unguwa ne a kan ƙarya? Na buɗe baki na ce wallahi na gani. Na rantse, jama'a, da sunan Allah na rantse. Na dai ƙara da cewa ban ce Sahabi ba ne, amma wa ya saurari wannan?

Yanzu yara a layi “mai leƙe” suke ce masa. A masallaci idan ya tsaya a sahu sai ka ga na kusa da shi ya matsa. Matan da ke zuwa kitso wajen Luba duk sun ɗauke ƙafa. Tsohuwarsa da ta kan zauna a ƙofa tana gyaran wake ta daina fitowa. Mai bene ya ce su tashi ƙarshen watan nan, mutanen da ba su da ƙauyen komawa, kuma wa zai ba su haya a Gusau da wannan sunan? Kun san abin da ya fi ƙona min rai? Katakan suna nan. Da na yi wa mai bene maganar sai ya ce, “Ai tunda mai hawan zai tashi ba sauran matsala, a bari a yi fenti.” Na zubar da mutuncin bawan Allah, na ɗauki rantsuwar ƙarya a wuyana, kuma ko igiya ɗaya ba a kwance ba. Ina jin haushin mai bene, ina jin haushin mijina, ina jin haushin dattawan da suka ga gora tsaye ba su ga laifinta ba sai na baƙo mara gata, amma ba su suka rantse ba, ni ce.

Shekaranjiya Luba ta hawo sama. Na ɗauka faɗa ta zo, har na so ta zage ni ko na samu sauƙi. Ta zauna a bakin ƙofa, duk ta rame, ta ce, “Maman Ummi, ni ban riƙe ki da komi ba, abin da kig gani shi kika faɗi, kuma kin ce ba ki ga huska ba. Allah shi toni asirin mai shi.” Na ce amin. Da bakina na ce amin. Sai ta ce Malam Sahabi ne ma ya aiko ta. Wai ya ce tunda wanda ya hau ɗin yana nan bai kamu ba, kuma su da suke ƙasa suna jin motsi ga shi za su bar gidan, hankalinsa bai kwanta ya bar ni ni da yarinya da katakan nan ba. Wai in roƙi mai bene ya ba shi izini ya kwance su kafin ya tafi, ba ya son ko sisi, amma a samu dattijo ɗaya ya tsaya a ƙasa yana kallonsa, don kar a ce ya sake leƙe.

Tun da ta sauka nake ta juya maganar. In na fito na faɗi gaskiya, mijina da ya tsaya min a gaban mutane ban san ko zai iya ci gaba da zama da ni ba, kuma ni ce zan koma abin nuni a layin. In na yi shiru, ƙarshen wata ya kusa, Luba har ta fara ɗaure kwanukanta a buhu. Kuma tana jiran amsa, ta ce in na yi magana da mai bene in leƙo in gaya mata.

Don Allah 'yan'uwa ku ba ni shawara. Me zan yi?