Hutun Moraa a Kakar Jan Fure

Naivasha, Janairu

Zuwa ga maigidana Barasa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin tashar jirgin ruwa, yaya zafin Mombasa? Tarin nan ya sake ka, ko har yanzu kana cewa ba komai kana gudun asibiti? Ni lafiya lau, sai kewarka.

Na san za ka yi dariyar ganin wasiƙa alhali jiya muka yi waya. Akwai maganar da muryata ba ta iya ɗauka.

Ka san aikina, bin gonakin fure ina faɗa wa masu su abin da ya canja a dokar ƙwadago kafin a zo a ci su tara. To, na haɗu da wani tsoho mai gona, Mzee Gathogo. Wata mai yankar fure a gonarsa, Moraa, gidan marayu ya amince ya ba ta yaro, doka kuma yanzu ta ba mai karɓar riƙo hutun wata ɗaya. Sai dai ranar masoya ta matso, Turai na jiran jan fure, ko ciwon kai ba a yarda mutum ya yi. In Moraa ba ta samu zama da yaron ba, an ce sai a ɗage ba ta shi, ita kuwa tana tsoron ya suɓuce mata.

Da na kai wa tsohon maganar, ya ture kofin shayi ya ce, "Madam, wace naƙuda ta yi da za ta huta? Yaron da za a miƙo mata a wanke a goge?"

Barasa, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Mzee, shekaru take wannan naƙudar, ihunta ne kawai ba ka ji." Na fice har da mance jakata. Ƙila ya kai ƙarata ofis. Kai ka san ba don Moraa kaɗai raina ya ɓaci ba.

Ka sha maganinka, don Allah.

Taka,
Nasimiyu

Naivasha, Fabrairu

Maigidana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina fatan ka tashi lafiya. Na gode da amsarka, har da tsiyar da ka yi mini cewa bakina zai kore ni daga aiki.

Bai kore ni ba. Mzee da kansa ya kawo mini jakar, yana huci: "An ɗauko ki ki kare ni daga tara, ko ki zo ki yi mini wa'azi?" Muka zauna muka sake tsarin aikin. Abokan aikin Moraa suka raba layukanta, aka ɗauki mutum guda na wucin gadi. Mzee ya sa hannu yana cewa gwamnati za ta kashe shi, washegari kuma direbansa ya kai wa Moraa madara da bargo.

Ranar Asabar na je ɗakinta. Sunan yaron Onsare, ɗan tsurut, bai yarda da kowa ba, ya riƙe zanenta gam. Muna shan shayi sai maƙwabciya ta ƙwala kira ta kan katanga, "Mama Onsare, kina da gishiri?" Moraa ta ci gaba da hura shayinta. Aka sake kira, shiru. Sai matar ta ce, "Ke Moraa, da ke fa nake!" Moraa ta ajiye kofin, ta zauna a kan bokiti, ta rufe fuska da zane. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Tun da muka yi aure ana kiran mu da sunayenmu tsura. Ba ka taɓa nuna mini ya dame ka ba, ko lokacin da danginka suka matsa. Ni dai ya dame ni, yau na faɗa.

Na tambayi hanya a gidan marayun, amma ban sa hannu a komai ba. Hutun nan kai ma kana da shi, ba mata kaɗai ba. Idan hankalinka bai kwanta ba ka faɗa mini, babu abin da zai ragu tsakaninmu. Idan ya kwanta, ka zo hutun Ista mu je tare. So nake in ji an kira ka Baban wani ta kan katanga, in ga ko kai ma za ka yi shiru kana zaton da wani ake.

Ina jiran ka.

Matarka,
Nasimiyu