Kun Gyara Lambobin Rasit, Saura Sunan Mahaifina

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin taki da iri mai rassa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni 'yar Malam Haruna ce, tsohon mai kula da sitonku na Faskari. Na rubuto a fili ne domin a fili aka zubar masa da mutunci.

Na farko. Da kuka kawo sabuwar manhajar kwamfuta, an shigar da kowane reshe a matsayin kamfani mai cin gashin kansa. Amma wanda ya saita ta bai ware wa kowane reshe nasa jerin lambobin rasit ba, kowanne daga ɗaya yake fara ƙirga. Sai ga rasit ɗin manomin Ruwan Godiya da aka yanka a reshen Faskari da na manomin Ƙanƙara da lamba iri ɗaya, suna daban, kaya daban. Masu bincikenku suka ce tunda Ƙanƙara ce hedikwata, nata ne na gaskiya, na Faskari jabu ne. Aka karɓe makullin sito daga hannun Baba a gaban leburori. Shi kuwa aikinsa a miƙo masa takarda ya fitar da buhu, ko kunna kwamfutar bai iya ba.

Na biyu, kuma nan ne ciwon yake. Yallaɓai, a wajenmu mutumin da aka yarda da shi ne ake kai wa ajiya. Tun ina ƙarama, duk kaka manoma ke kawo buhunan masara da dawa su jibge a ɗakin zaurenmu, ba shaida ba rubutu, sai bazara su dawo su ɗauka. Da maganar ta kai kasuwar Yankara da ke yankinmu, sai manoman suka fara zuwa kwashe ajiyarsu ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, wannan biki, wancan rashin lafiya. Ba wanda ya ce masa ɓarawo. Da hannunsa ya taya su ɗorawa a kan babur, yana yi musu Allah ya kiyaye hanya. Ranar da buhun ƙarshe ya fita na ga hawayen mahaifina, abin da ko a rasuwar mahaifiyarmu ya ɓoye mana. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

Na uku. Da reshen Sabuwa ya fara sayarwa, lambobin nan suka sake fitowa karo na uku, alhali Baba yana gida. Wani ma'aikacinku mai tsoron Allah ne ya gaya mini. Kuka kira masana, aka yanka wa kowane reshe nasa jerin, daga nan zuwa nan, ba mai shiga na wani. Madalla. Amma shiru kuka yi abinku, kamar an ɗinke ɓarakar buhu.

Roƙona ɗaya ne, ba na neman diyya, ba na neman a mayar da shi aiki, ƙarfinsa ya ƙare. Ku turo babban mutum ranar kasuwar Yankara, ya tsaya a layin 'yan hatsi ya faɗa da bakinsa cewa kuskuren saitin na'ura ne, Malam Haruna bai ci amana ba. Ku yi kafin a fara girbi. Har yanzu kullum bayan la'asar yana share ɗakin nan, yana gyara katakon da ake jera buhuna a kai, ba komai a ciki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka sunanka, ya sa 'ya'yanka kada su taɓa ganin abin da na gani.

Wassalam.
Hadiza Haruna, Faskari.