Ni Na Sa Ɗana Ya Fita Daga Zauren Abokan Aikinsa

Malama Zuwaira,

Yau Juma'a. Ƙafafuna sun kumbura, tarin ma bai sake ni ba, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Don Allah ki taimake ni.

Shekara talatin na yi ina malamin asibiti a Bungudu. Abin da aka koya mana shi ne, duk abin da ka gani a jikin majinyaci ka rufe, kamar yadda mai wankan gawa yake rufewa. Ɗana Haliru yana aiki a motar ɗaukar marasa lafiya a Gusau, su ake kira in an yi haɗari a hanyar Tsafe. Tun rasuwar mahaifiyarsa shi kaɗai ke leƙo ni, duk Juma'a bayan an sauko.

Wata biyu ke nan, na ji yana sauraron wani ƙato yana kuka a waya, yana ba da labarin yarinyar da ta cika a hannunsa. Haliru ya ce zaure ne na WhatsApp, ma'aikatan gaggawa zalla, wanda abu ya tsaya wa a rai sai ya faɗa, saura su ba shi baki. Raina ya ɓaci. Na ce tonon asirin matattu ne, in ni na haife shi ya fita. A gabana ya fita daga zauren.

Yanzu matarsa Bara'atu ta aiko cewa ba ya barci, ya daina cin nama, yana ta wanke hannu har fata ta tsage. Ni ma, in faɗi gaskiya, akwai wata mai naƙuda da ta rasu a hannuna tun ina sabon ma'aikaci. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma har yau ina ganin fuskarta. Shin na cuci yaron nan?

Yau na zauna a ƙofar gida ina jiransa har la'asar ta yi sanyi. Bai zo ba.

Wani dattijo, Bungudu

Baba,

Allah ya ba ka lafiya. A kan amana kana da gaskiya. Amma aibin mamaci aka ce a rufe, ba ciwon zuciyar wanda ya ɗauke shi ba. In ba sa faɗin suna ko gari, ba sa tura hoto, ba su tona asirin kowa ba. Tambaye shi ƙa'idarsu. In akwai gyara, kai ka fi kowa iya nuna musu.

Kada ka jira wata Juma'ar, ka kira shi yau. Ka gaya masa labarin mai naƙudar nan, sannan ka janye maganarka da bakinka, don yaron da ya fita bai yi musu ba, ba zai koma a ɓoye ba. Zauren kaɗai kuma bai isa ba yanzu. Wanke hannun nan da rashin barci na buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, a cikin makon nan. In kai ka ce ya je, zai je.

Allah ya sanyaya zukatanku, ku biyun.

Zuwaira