Haƙarƙarin da Mba Imoru Bai Karya Ba

Alhamis, 7 ga Maris, 1957

Jiya ƙasa ta samu 'yanci, ni na samu ciwo. Gefen hagu, ƙasan hammata. In na ja numfashi kamar ana soka mini basilla.

Na ce wa matata Abibata keken ɗinki ne, zaman da na sha a kansa saboda kayan biki. Ta yarda, har ta dafa mini ruwan gashi. Gaskiyar ita ce abokina Fatawu ya zo shago da hantsi ya ce in rufe, yau ba ranar zare da allura ba ce. Muka hau bayan wata babbar mota cike da samari da makaɗa, har da 'yan mata, ana zaga gari. Na yi rawa, ni da nake magidanci. Wajen kasuwa direba ya taka birki, na faɗo a kan bakin kwata. Na tashi ina dariya don kada a gane.

Abin da ya fi damuna, jiyan da safe surukina Baba Zubeiru ya aiko in raka shi ƙauyen Kasalgu duba shanunsa, na ce ɗinki ya sha mini kai.

Asabar, 9 ga Maris

Ban iya taka keke ba yau.

Lahadi, 10 ga Maris

Abibata ta kai wa mahaifinta labari. Ya zo da kansa bayan la'asar, ya ce gobe zai kai ni unguwar Sakasaka wurin Mba Imoru mai tausa, amininsa tun suna samari. Ya ce in yi wanka kafin mu tafi, kada in cika ciki, koko kaɗan ya isa, in sa gajeren wando ƙarƙashin riga. Wai dattijon yana da ƙa'ida, ba ya son ƙazanta, ba ya son surutu.

Na ce to. Me zan ce?

Litinin, 11 ga Maris

Mun je. Mutane a zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya, kowa na jiran layinsa, ba mai tsallake wani. Mata suna shiga ta baya wurin matarsa Humu, ita ke yi musu. Ba a ciniki. In an gama ka sa abin da ya sauwaƙa a ƙoƙon da ke bakin ƙofa.

Ɗakin tsaf, tabarma da buzu, sai ƙamshin man kaɗe. Mba Imoru ɗan tsamurmurin tsoho ne, Badagombe, Hausarsa irin ta kasuwa. Ya sa na cire zobe da layar damtsena, ya ba ni zane in rufe inda ba za a taɓa ba. Ɗan rakiya a waje yake tsayawa, haka al'adar gidan take, amma Baba ya biyo ni ciki suna gaisawa. Mba Imoru ya dube ni ya tambaya ko ina so Baba ya fita. Ya tambaya, wallahi ya tambaya. Wa zai kori surukinsa? Na ce ya zauna.

Ya wanke hannu, ya durƙusa, bai taɓa ni ba tukuna.

"Ka faɗi? Wani abu ya buge ka?"

"A'a, Mba. Zama ne a kan keke."

"Ka tuna da kyau. Jiki naka ne, ni baƙo ne. Ciwon zama daban, ciwon faɗuwa daban. In faɗuwa ne ba na danna."

Baba yana jan carbi kusa da kaina. Na sake cewa a'a.

Ya ce duk inda ya yi zafi in faɗa nan take, ba jarumtaka a kan tabarmarsa. Kafin ya sa hannu ko'ina sai ya ce zai taɓa nan. Ya fara daga wuya, ya gangaro kafaɗa, har na ji daɗi. Da ya iso gefen hagu na ciji zanen. Ya tsaya ya tambaya. Na ce ba komai. Ya ɗora tafin hannu ya danna da nauyinsa, na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Ban yi ƙara ba. Baba ma yabona ya yi a hanya, wai ina da dauriya.

An ce in sha ruwa, kada in ɗauki kaya, kada in yi wankan ruwan sanyi. Na yi duka. Abu ɗaya da ya fi muhimmanci shi ne ban yi ba.

Laraba, 13 ga Maris

Zazzaɓi. Tari kamar zai tsaga ni.

Juma'a, 22 ga Maris

Yau aka sallamo ni daga asibiti. Haƙarƙari ya karye, ya kuma goce daga wurinsa. Likita ya tambayi yadda aka yi, kafin in buɗe baki Abibata ta ce tausa aka yi mini. Ya girgiza kai ya yi rubutu. Na rufe ido kamar barci ya ɗauke ni.

Ta rame saboda jinya, ga ciki. Kullum sai ta ce Allah ya isa tsakaninta da tsohon nan.

Litinin, 25 ga Maris

Baba ya je Sakasaka ya yi faɗa a gaban mutanen benci. Fatawu ya ba ni labari. Wai Baba ya ce ya kawo yaro da ƙafarsa an mayar masa da shi a kwance, in tsufa ya ci hannun mutum sai ya ajiye sana'a kafin ya yi kisa. 

Fatawu ya ce in yi shiru, kowace magana kwana take yi ta mutu. Shi ma yana tsoron a ce shi ya ja ni mota. Ya ce ai ko ba komai tsohon ne ya danna. Na riƙe wannan maganar yini guda, ina juya ta. Ba ta riƙu ba.

Laraba, 27 ga Maris

Mba Imoru ya zo duba ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya kawo ƙwan zabi a ƙwarya, ya zauna a bakin ƙofa, Abibata ko ruwa ba ta ba shi ba. Ya ce tun kafin a haife ni yake wannan aiki, bai taɓa karya ko ɗan yatsa ba. Yana magana yana duban tafin hannunsa.

"Hannu ya tsufa ban sani ba. Ka yafe ni, Saibu."

Na ce na yafe. Ni, na ce na yafe masa.

Talata, 2 ga Afrilu

An kama azumi. Ƙwan yana nan cikin ƙwarya, na kasa ci, na kasa cewa a zubar.

Litinin, 8 ga Afrilu

Na koma shago, ina taka keke a hankali. Da dawowa na bi ta Sakasaka, ba hanyata ba ce. Benci babu kowa, akuya ce kwance a ƙarƙashi. Mai sayar da ƙosai ta wurin ta ce ba mutane ne kawai suka daina zuwa ba, Mba Imoru ne da kansa ya rufe. Wani mai ɗaukar kaya a tasha ya zo da ciwon baya yana roƙo, ya ce masa ya nemi wani, shi ba ya ƙara taɓa jikin ɗan Adam. Humu ce kaɗai ke karɓar mata, su ma sun ragu.

Na sayi ƙosan buɗa-baki na wuce da sauri kamar ɓarawo.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ƙishirwa ba ta dame ni ba. In na ɗaga hannu zan yi addu'a, hannunsa nake gani.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na je gidan Mba Imoru da hantsi. Yana zaune a tsakar gida yana gyaran igiya. Na durƙusa na faɗa masa duka: motar, rawar, kwatar, da ƙaryar da na yi wa Baba. Na ce ƙashin a fashe na kawo masa shi.

Ya ajiye igiyar. Sannan ya tambaye ni ko bai tambaye ni ba a ranar. Na ce ya tambaya. Ko bai ce a fitar da Zubeiru ba. Na ce ya ce. Ban taɓa ganin fushi mai sanyi irin wannan ba.

"Wata guda ina tsoron ɗaukar jikana. Da hannun nan."

Na ce zan yi duk abin da ya ce. Ya ce shi ba abin da zai ce, a gaban jama'a aka zubar da shi, ni kuma na zo ina raɗa a tsakar gida. Ya ce in tashi in tafi. Humu tana bakin madafa, ta ji komai, ba ta amsa sallamata ba.

Na zaci zan ji sauƙi.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na faɗa wa Abibata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ita ta ja wa bawan Allah Allah ya isa cikin bakinta, da ciki a jikinta, saboda ni. Ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin Mma, mahaifiyata.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Bayan masallaci na bi Baba zaurensa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, yau ma ƙasa na duba. Na faɗa. Da na zo wurin rawa ya ce in ɗaga murya, bai ji ba. Na maimaita.

Bai yi zancen shanu ba, bai yi zancen mota ba. Cewa ya yi, "Ka ari bakina ka ci mutuncin abokina." Ya ɗauki sandarsa ya fita ya bar ni a durƙushe.

An ce Sakasaka ya nufa, ya tsaya daidai inda ya yi faɗan, ya kira maƙwabta ya janye maganarsa. Dattijo kamarsa, da azumi a baki, cikin rana. An ce Mba Imoru ya fito ya kama hannunsa suka shiga ciki.

Laraba, 24 ga Afrilu

Duk layin teloli an ji. Suna kirana Saibu Mai Rawa. Fatawu ya daina biyowa ta shago. Baba yana amsa gaisuwata da kai kawai.

Ɗinkin Sallah ya taru. Aiki ya fi mini tunani.

Alhamis, 2 ga Mayu

An yi Sallah. Abibata ta dawo ɗaki, magana kaɗan kaɗan. Ta kai wa Humu tuwo da kanta, ban sa ta ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Wani mahauci, Kadiri, ya zo karɓar rigarsa batakari yana dafe da ƙugu. Na ce ya je wurin Mba Imoru, an ce ya fara karɓar mutum ɗaya biyu. Ya ce Allah ya kiyaye, wanda ya karya wani tela? Bai san ni ne ba. Na tsayar da keke na ce ni ne telan, na ba shi labari tun daga hawa mota. Ya yi dariya har ƙugun ya kama shi. Ban san sau nawa na ba da labarin nan yanzu ba, ya daina maƙale mini a wuya.

Na rufe shago na raka shi. A hanya na faɗa masa ƙa'idar gidan, ya cire guru, ya faɗi gaskiyar abin da ya same shi, in ya ji zafi ya yi magana. Na tsaya a waje. Mutum biyu ne a benci, ba kamar da ba.

Da aka gama Mba Imoru ya fito yana goge man kaɗe a hannu. Ya gan ni. Na gaishe shi, ya amsa a gajarce, ya juya zai shiga, sai ya tsaya.

"Gefen yana ciwo har yanzu?"

Bakina ya riga ya ɗauko "da sauƙi". Na ce yana yi, in na yi tari, da kuma in na kwanta ta hagu.

Ya ce to in daina kwanciya ta hagu. Ya kira na gaba.

Bai ce in shigo ba. Ban kuma roƙa ba.